FITILUN ADO: HAƊARIN YANA WURIN HAƊI

Wata al'ada da ta shigo ta zauna daram a garuruwan Jihar Zamfara ita ce ta ƙawata gidaje da fitilun lantarki masu launi-launi duk sa'ad da wani biki ya kama. A da, sai a ƙofar fada, ko gidan wani attajiri, ko kuwa a ofishin gwamnati ranar tunawa da samun mulkin kai ake ganin irin wannan ado. Yanzu kuwa abin ya zama ruwan dare. Da Ƙaramar Sallah ko Babba, da watan Mauludi, da makon Kirsimeti a gidajen Kiristocin Gusau, balle ranar ɗaurin aure ko walimar saukar karatu, za a tarar an zagaye ƙofar gida da igiyoyin fitilu, waɗansu na ƙyaftawa, waɗansu na bin juna kamar jerin gwano. Daga Gusau abin ya bi hanyar Funtuwa ya kai Tsafe, ya bi ta Sakkwato ya kai Bunguɗu, har ƙauyuka irin su Karakkai ba a bar su a baya ba, domin ko inda wutar gwamnati ta yi ƙaranci akwai janareta, akwai batirin sola.

Babu mai hankalin da zai ce a hana jama'a nuna farin cikinsu. Hasali ma dai, asalin waɗannan fitilu don gudun gobara aka ƙirƙiro su. Turawa sun daɗe suna ɗaura kyandir a rassan itacen da suke ƙawatawa da Kirsimeti, gidaje kuwa suna ta ƙonewa, har a shekarar 1882 wani abokin aikin Thomas Edison mai suna Edward Johnson ya jera ƙwayayen lantarki 80, ja da fari da shuɗi, a jikin irin wannan itace a gidansa na birnin New York a Amurka. Watau lantarki ya zo ne a matsayin magani. Abin takaici shi ne, yadda ake haɗa waɗannan igiyoyi a gidajen ƙasar nan yana nema ya mai da maganin ya zama cutar.

Duk wanda ya tsaya ya dubi yadda ake aikin zai ga abu guda ne ake ta maimaitawa. Maigida ya sayo igiya uku ko huɗu a kasuwa. Ba su isa zagaye zaure ba, sai a kira wani yaro da aka ce yana taɓa gyaran rediyo. Yaron ya datse kan wannan igiya, ya feɗe robar waccan da haƙori ko da reza, ya murɗa wayoyin biyu da yatsu, ya naɗe su da guntun leda ko salatif na manna takarda. In babu fulogi, sai ya cusa tsirarar waya cikin ramin soket ya tokare ta da tsinken ashana. A kunna, fitilu su kama, yara su yi sowa, kowa ya watse. Daga wannan sa'a gidan yana kwana da wuta a ƙofarsa, alhali mutanen ciki ba su sani ba.

Dalili kuwa shi ne, lantarki ba ya son hanya mai ƙunci. Inda waya ta haɗu da waya ba su kama juna sosai ba, wutar takan matse ta wuce ta ɗan ƙanƙanin wuri, wurin ya yi zafi. Zafin ya sa ƙarfen ya yi baƙi, baƙin ya ƙara toshe hanya, zafin ya daɗu. In iska ta kaɗa igiyar, bakin wayoyin su rabu su sake taɓa juna, tartsatsi ya tashi. Ledar da aka naɗe wurin da ita ba ta jure zafi, ita ce ma abu na farko da zai kama. Wani abin lura kuma, wanda galibin mutane ba su sani ba, shi ne cewa fiyus ba ya ganin irin wannan ɓarna. Aikin fiyus shi ne ya tsinke idan wutar da ke gudana ta fi ƙarfin waya. Mugun haɗi kuwa yana iya yin jajur alhali wutar da ke bi ta cikinsa ba ta wuce ƙa'ida ba. Saboda haka ko da gida yana da fiyus mai kyau, wannan bai kuɓutar da shi daga haɗin leda ba. To, ina ga gidan da tun tuni aka cire fiyus ɗinsa aka maye gurbinsa da kakkaurar wayar jan ƙarfe don wai ya daina damun mutane da tsinkewa?

Haɗi na gaskiya ba wuya gare shi ba. Igiyoyin da aka ƙera don a jona su da juna suna zuwa da nasu mahaɗi a ƙarshe, kai da kai, kuma masu ƙera su sukan rubuta a jikin kwalin iyakar adadin da za a jona. Wadda ba ta zo da mahaɗi ba, ba a yi ta don jonawa ba. Hakkinta shi ne a ba ta nata fulogi. Inda ya zama tilas a haɗa waya da waya, sai a yi amfani da ɗan akwatin haɗi mai sukurori, a ɗaure tamau, a rufe, kuma ma'aikacin lantarki ne zai yi, bayan an kashe wuta daga tushe.

Sa'an nan akwai maganar lissafi, wadda bai kamata ta gagari ɗalibin sakandare ba. Wutar da ake rarrabawa gidaje a Nijeriya bolt 230 ce. Kowane ƙwai ko igiyar fitilu akwai adadin wat da take ci a rubuce. In aka tara wat ɗin duka aka raba da 230, abin da ya fito shi ne amfiya, watau nauyin da wayar ke ɗauke da shi. Alal misali, mai biki ya jera tsofaffin ƙwayaye masu zare guda 20, kowanne wat 60, a bakin rumfa. Jimla wat 1,200 ke nan, nauyinsu ya ɗara amfiya 5. In ya canja su da ƙwayayen zamani da ake kira LED masu wat 5, jimla ta koma wat 100, nauyin bai kai rabin amfiya ɗaya ba. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda shi ne aka fi amfani da shi a ƙasar nan, iyakarsa amfiya 13, kimanin wat 3,000 ke nan, kuma a cikinsa akwai ɗan fiyus. Na fitilun ado bai kamata ya wuce mai amfiya 3 ba, wanda ke ɗaukar wajen wat 700. Sa wa siririyar waya fiyus mai amfiya 13 daidai yake da ba ta mai gadin da ba zai farka ba sai bayan ta ƙone.

Abin da ya sa jona igiya bayan igiya ke da haɗari shi ne, igiyar farko, wadda ke kusa da soket, ita ke ɗauke da nauyin duk na bayanta. Zafin waya kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi, gaba yake yi: in nauyi ya ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi, in ya ninka uku, zafi ya ninka tara. Shi ya sa tsohuwar ƙa'idar da aka daɗe ana bi a Amurka ta ce kada a jona igiyar ƙananan ƙwayaye masu zare fiye da uku a jere. Haka nan doguwar wayar jan wuta da aka bari a nannaɗe, ko aka tura ƙarƙashin darduma ko tabarma, zafinta ba ya samun mafita. Ita ma soket ɗin da aka jibga wa fitilu, da firiji, da dutsen guga, da na'urar amsa-kuwwa ta makaɗa, ba za ta yi magana ba sai dai a ji ƙauri.

Akwai kuma masu rage tsawon igiya da almakashi in ta yi musu yawa. Yawancin igiyoyin nan an jera ƙwayayensu ne kamar carbi, wuta na fita daga wannan ta shiga wancan, suna raba bolt 230 a tsakaninsu. In ƙwai 20 ne, kowanne na samun wajen bolt 12. A datse biyar a sake haɗawa, sauran 15 kowanne zai sha fiye da bolt 15. Za su yi haske ƙwarai, mai gida ya ji daɗi, ba da jimawa ba su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A irin igiyar da sauran ke ci gaba da ci bayan ɗaya ya mutu, duk ƙwan da ya mutu yana ƙara wa 'yan'uwansa kaya ne, don haka canja shi ba a jinkirta shi.

Kada kuma a ruɗu da cewa fitilun LED ba sa zafi, saboda haka ba su da illa. Gaskiya ne sun sauƙaƙa matsalar nauyi, kuma ba ƙaramin ci gaba ba ne. Japanawa uku da suka gano yadda ake samun shuɗin haskensu sai da aka ba su kyautar Nobel a 2014. Amma da yawa daga cikin masu arahar da suka cika kasuwanni, wutar gida ce ke shiga cikinsu kai tsaye ta wata siririyar waya mai robar da farce ma ke iya yagewa. Ƙarancin wat bai rage ƙarfin jan wuta ba. Yaron da ya kama wurin da ya feɗe, ƙafarsa ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, bolt 230 ne zai ratsa shi. Waɗanda suka fi aminci su ne masu ɗan akwati a wajen fulogi wanda ke sauko da wutar zuwa bolt 12 ko 24 ko makamancin haka kafin ta shiga igiya. Sun fi tsada, amma Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado. Su kuma na gwanjo da aka kwaso daga Amurka, masu fulogi mai faffaɗan ƙafa biyu, don bolt 120 aka yi su. Jona su da wutar Nijeriya ɗora musu kusan ninki biyu ne na abin da za su iya.

Kowane biki kuma da irin yanayin da yake faɗowa ciki, kasancewar watannin Musulunci suna ja da baya da kwana goma ko goma sha ɗaya kowace shekara. Mauludin 2025 ya zo ne a farkon Satumba, kuma shekaru da dama masu biye da ita cikin tsakiyar damina zai riƙa faɗowa. Ruwa da lantarki kuwa ba sa ga maciji. Fitilar da za a rataya a waje dole ta zama wadda aka yi don waje, alamarta IP44 ko sama da haka a jikin kwali. Soket da mahaɗi a ɗaga su daga ƙasa, a kare su daga feshin ruwa. Uwa uba, kada a naɗa waya a jikin ƙofar ƙarfe, ko ƙafar rumfar haya, ko bakin rufin kwano, kada kuma a kafa ta da ƙusa. Kaifin kwano na yanka roba a hankali, ranar da ya kai ga ƙarfen ciki rufin gaba ɗaya ya ɗauki wuta. Mutanen Kalaba sun ga abin da rufin kwano ke yi a watan Afrilu na 2017, sa'ad da babbar wayar wuta ta tsinke ta faɗa kan wani gidan kallon ƙwallo, mutane suka hallaka. Wutar gida ba ta kai waccan ƙarfi ba, amma ta isa ta tsai da zuciyar mutum. Akwai na'urar da ake kira RCD wadda ke yanke wuta nan take da zarar ta ji ƙanƙanuwar ɓaraka ta miliamfiya 30. Duk gidan da ke jan wuta zuwa tsakar gida ko ƙofar waje ya kamata a ce yana da ita.

Kirsimeti da yawancin bukukuwan aure kuwa da hunturu suke zuwa, Ƙaramar Sallah ma can ta dosa. A wannan lokaci an gama girbi, kara na tsaye a jingine, harawa na bisa rufi, zana da danga sun bushe ƙayau, rumbu cike da dawa da gero. Tartsatsi ɗaya ya wadatar, iska ta ƙarasa aikin. Idan ba a manta ba, kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris na 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairu na 2021, ta Katsina a Maris na 2021, duka da rani, kuma duka a manyan birane masu motocin kashe gobara. Mutumin Karakkai ya fi kowa sanin cewa motar kashe gobara ba a bayan gidansa take ba, ga kuma halin da hanyoyin Tsafe da Bunguɗu suka shiga da dare a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Gobarar da ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda a Fabrairu na 2025 ta ci rayukan almajirai 17. Ba fitilun ado ne suka jawo ta ba, amma ta nuna abin da wuta ke yi wa masu barci. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa kada a kwanta, kada kuma a fita idi, a bar fitilun ado a jone.

A jone aka ce, ba a kunne kawai ba, saboda halin wutar ƙasar nan. An ɗauke ta da magariba, mai gida ya manta bai zare fulogi ba, a maido ta tsakar dare da ƙarfin da ya wuce kima. In kuwa wayar da ma'aikata ke kira nutural ta katse a wajen taransifoma, abin da zai shiga waɗansu gidaje na iya dosar bolt 400. Masu janareta su ma da nasu. Haɗa janareta da wayoyin gida ba tare da makunnin canja layi ba na mai da wuta baya cikin wayoyin titi, ta kama ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton layin a mace yake. Hayaƙinsa kuma, in an shigar da shi zaure don gudun ruwa ko ɓarawo, yana kashe mutane cikin barci ba tare da sun ji komai ba. Fitilun sola masu bolt 12 su suka fi dacewa da ƙauye, ba sa jan mutum. Sai dai batir na iya narkar da waya in bakunanta biyu suka haɗu, don haka shi ma a sa masa fiyus dab da kansa.

In ƙaddara ta faɗa, abu na farko shi ne kashe wuta daga tushe ko kashe janareta. Ba a watsa wa wayar da ke ɗauke da wuta ruwa. Yashi ko ƙasa ake zubawa. Wanda wuta ta kama ba a taɓa shi da hannu, busasshen itace ake ture shi da shi, sa'an nan a gaggauta kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, domin illar lantarki a zuciya takan ɓoye ta bayyana daga baya.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa talaka laifin duka. Bai ƙera igiyar ba, ba shi ya shigo da ita ba. Tun 1971 aka kafa hukumar kula da ingancin kayayyaki da yanzu ake kira SON, kuma tun 2005 take da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su. Duk da haka kasuwanni cike suke da fitilun da ba sunan maƙeri, ba adadin wat, da wayoyin alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe don yaudarar mai saye. Ya kamata jami'an wannan hukuma su riƙa zagaya rumfunan kayan wuta na Gusau makonni kafin kowane biki, ba sai sun jira an kai musu ƙara ba. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa duba aikin wayoyi da ba ma'aikatan lantarki takardar shaida, ya kamata a ji ɗuriyarta a ƙananan hukumomi, yadda mai biki a Bunguɗu zai san wa zai kira. Kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda Zamfara ke ƙarƙashinsa tare da Sakkwato da Kebbi, wanda kuma har yau jama'a NEPA suke ce masa ko da yake an daɗe da rushe ta, bai kamata saninsa da mutane ya tsaya ga takardar kuɗin wuta ba. Dokar lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, saboda haka Gwamnatin Jiha ba ta da uzurin cewa al'amarin na Abuja ne. Abu mafi sauƙi da za ta fara da shi shi ne masu ba da hayar rumfuna da fitilu, waɗanda wayarsu ɗaya ke yawo gida ɗari a shekara: a yi musu rajista, a riƙa duba kayansu.

Jihar kuma ba ta rasa masu ilimin abin ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, ga ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, ga Kwalejin Ilimi ta Fasaha da Jami'ar Tarayya a Gusau. Ɗaliban waɗannan makarantu da ma'aikatan gwamnati su ne ke komawa garuruwansu da hutun Sallah, su ne kuma ake miƙa wa kwali a ce su karanta abin da aka rubuta. Ma'aikacin da ke bin diddigin kowane sisi a takardar albashinsa bai kamata ya kasa raba wat da 230 ba. Kafin a kunna, ya bi igiyar da hannu tun daga fulogi har ƙarshe alhali ba ta jone, ya fid da duk wadda robarta ta tsage, ya kwance duk haɗin leda. Bayan an kunna da rabin sa'a, ya zare fulogin ya taɓa shi. In ya ji ɗumi, kaya ya yi yawa, a rage. Hakimai da limamai kuma, waɗanda maganarsu ke isa inda takarda ba ta isa, ya kamata Ma'aikatar Watsa Labarai ta ba su wannan bayani a rubuce da boko da ajami, a karanta shi a masallatan Juma'a da majami'u mako biyu kafin kowane biki.